Amsoshin tambayoyinku: hayar motar golf a tsibirin Isla Mujeres

Tambayoyi uku na wannan mako duk sun shafi wuri ɗaya, wato Isla Mujeres, ƙaramin tsibirin da ke daura da birnin Kankun a jihar Quintana Roo ta ƙasar Meziko, inda baƙi suka saba hayar ƙananan motocin nan marasa ƙofa da ake yawo da su a filin wasan golf domin su zaga tsibirin.

Tambaya ta farko daga wata Hajiya mazauniyar Houston a Amurka: “Ni da maigidana da ’ya’yanmu uku za mu je Kankun hutun ƙarshen shekara, kuma muna son mu tsallaka tsibirin mu yini. Maigidan yana ganin hayar motar golf ɓarnar kuɗi ce tunda akwai tasi, ni kuma ina ganin yara za su fi sakewa a cikinta. Shin ta cancanci kuɗinta?”

Hajiya, amsar ta rataya a kan abin da kuka yi niyyar yi da yinin, domin haka bari in fara da siffar tsibirin. Tsawonsa kimanin kilomita 7 ne, faɗinsa kuma bai kai kilomita 1 ba, yana nesa da gaɓar Kankun da kamar kilomita 13, kuma jirgin ruwan kamfanin Ultramar da ke tashi daga tashar Puerto Juárez a Kankun yana kai mutum a cikin minti 20 ko ƙasa da haka. Jirgin yana sauke fasinja a ƙarshen arewa, inda cikin gari yake, da kasuwa, da titin Hidalgo wanda ’yan ƙafa kaɗai ke bi, da kuma Playa Norte, bakin ruwan da ya yi suna saboda ruwansa ba shi da zurfi kuma ba shi da igiya mai ƙarfi. Duk waɗannan da ƙafa ake zuwa daga tashar jirgi. Idan burinku shi ne yara su yi wasan ruwa, ku ci abinci, ku yi tsaraba ku koma, to maigidanki ne ke da gaskiya, domin za ku biya kuɗin mota ne ku ajiye ta a rana, kuna fama da neman inda za ku tsayar da ita a ƙananan titunan da suka riga suka cushe.

Amma idan kuna son ganin tsibirin kansa, ni ina goyon bayanki. Abin da ya fi burge ido yana can ƙarshen kudu, a Punta Sur, inda ƙasa ta ƙare da duwatsu masu tsayi teku yana dukan gindinsu. A nan ne ragowar wani ƙaramin ɗakin bautar mutanen Maya, ’yan asalin yankin, yake, wanda suka gina wa abar bautarsu Ixchel, kuma guguwar Gilbert ta 1988 ta rushe mafi yawan abin da ya rage na ginin. Gumakan mata irin na wannan bauta ne ’yan Sifaniya ƙarƙashin Francisco Hernández de Córdoba suka tarar da suka iso a 1517, kuma su ne asalin sunan da suka raɗa wa tsibirin, wato Isla Mujeres, ma’ana Tsibirin Mata. Tasi zai kai ku can kai tsaye, babu shakka, sai dai ba zai tsaya muku ba a duk inda ɗanki ya hango babban ƙadangare mai kama da guza a kan dutse, ko inda hanyar gabas ta buɗe kuka ga tekun Karibiyan shimfiɗe babu gini a gabansa. Abin da kuke saya da kuɗin hayar shi ne ikon tsayawa a inda kuka ga dama, gwargwadon lokacin da kuka ga dama. Wanda ya zaga tsibirin ba tare da tsayawa ba, zai gama a cikin kamar awa ɗaya, kuma irinsa ne yake dawowa yana cewa an cuce shi.

Game da tsawon hayar, masu motocin sukan bayar da awa-awa, ko na yini daga safe zuwa wajen ƙarfe 5 na yamma, ko na awa 24. Ga iyali mai yara uku ina ba da shawarar na yini, domin hayar awa biyu tana sa mutum ya riƙa duba agogo maimakon duba teku, kuma da zarar kun wuce awa uku ko huɗu kuɗin awa-awa yakan kamo na yinin. Ku nemi mai kujera shida, kada ku matsu ku biyar a mai kujera huɗu. Ku kama jirgin safe da wuri, saboda daga Disamba zuwa Afrilu ne baƙi suka fi yawa, kuma motoci masu lafiya sukan ƙare kafin hantsi ya dubi ludayi. Idan za ku iya kama taku ta intanet tun kafin ku bar gida, ya fi.

Yadda zan tsara muku yinin shi ne ku bi titin Rueda Medina ta gefen yamma ku nufi kudu tun rana ba ta yi zafi ba, ku daɗe a Punta Sur, sannan ku dawo ta hanyar gabas. A tsakiyar tsibirin akwai ragowar gidan gonar Fermín Mundaca, wani Basifaniye da ya tara dukiyarsa a ƙarni na 19 ta hanyar fataucin bayi daga Afirka. Masu yi wa baƙi jagora sun fi son ba da labarin soyayyarsa da wata budurwar tsibirin, amma ya kyautu yaranku su san daga inda kuɗin ginin ya fito. Kada ku bar kowa ya shiga ruwa a gefen gabas komai kyansa, domin duwatsu ne kuma ruwan yana ja da ƙarfi. A bar wanka sai an dawo Playa Norte bayan kun mayar da motar. Abincin da zan nuna muku shi ne gasasshen kifin da suke kira tikin xic, wanda ake shafe shi da jan kayan yaji, amma ku tambaya kafin ku ci wake ko wani abin da aka soya, saboda ana yawan girki da kitsen alade a wannan yanki. Ku saka darduma da gorar ruwa a motar. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas.

Sai wani abu da ya shafe ki ke da kanki, Hajiya. Motar ba ta da ƙofa kuma tayoyinta suna kusa da wurin zama, don haka ki tattare mayafinki da gefen abayarki ki danne su kafin a tashi, kamar yadda kike yi a Keke Napep idan kin zo gida. Kujerar ƙarshe tana kallon baya, sau da yawa kuma babu bel, saboda haka kada a bar ƙananan yara su kaɗai a kanta. Babba ya zauna a can, ƙaramin cikinsu kuma a sa shi tsakiya.

Tambaya ta biyu daga wani matashi da ke karatu a Kanada: “Mu huɗu ne abokai za mu je. Na ga farashi ya bambanta sosai tsakanin masu ba da haya. Mu ɗauki mafi araha? Kuma lasisina na Najeriya ne.”

Ɗan’uwa, araha ba ta ado, kuma a wannan harka bambancin farashi yakan ɓuya ne a cikin abin da takardar ba ta faɗa ba. Kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku a fili: ko kuɗin mai yana cikin farashin, wa zai biya idan motar ta lalace a hanya ba da laifinka ba, da kuma abin da inshorar ta ɗauka idan ka bugi wata mota ko mutum. Na ukun shi ne mafi nauyi. Kada ka dogara da inshorar hayar mota da ke tare da katin bankinka sai ka karanta sharuɗɗanta, domin akwai katunan da suka fitar da irin waɗannan ƙananan motoci daga abin da suke biya. Idan mai motar ya kasa ba ka amsa madaidaiciya, ko ya ce kada ka damu, to ka wuce shago na gaba, suna da yawa a kusa da tashar jirgi, kuma ba dole ba ne ka bi wanda ya fara tare ka da ka sauko.

Idan kun daidaita, ka zaga motar da wayarka kana ɗaukar bidiyo a gaban ma’aikacin, ka nuna duk wani ƙarcewa ko tsagewar kujera, sannan ka gwada birki da fitila da giyar baya kafin ka bar ƙofar shagon. Ka karɓi lambar wayar da za ka kira idan ta mace maka a kudu. Ka biya da kuɗin ƙasar, wato feso, domin canjin da shaguna ke yi wa mai biya da dala ba ya yi masa daɗi.

Lasisi kuwa, abin da suke nema shi ne lasisin tuƙi na gaske wanda bai ƙare ba, kuma wasunsu sukan riƙe shi jingina har ka dawo da motar. Ka rubuta musu tun kafin tafiya ka tabbatar za su karɓi naka, kuma ko da wasa kada ka bar fasfonka a hannun kowa a madadinsa. Wanda sunansa ke kan takarda shi kaɗai zai tuƙa, ba a karɓa-karɓa tsakanin abokai don a ɗauki hoto. Ana tuƙi ne ta hannun dama kamar a Najeriya da Nijar da Kanada, amma abin da nake so ka riƙe shi ne cewa wannan ba filin wasa ba ne. Mutum fiye da 13,000 ne ke zaune a tsibirin, suna zuwa aiki da makaranta a kan babura da jajayen tasi, kuma titin da kake shaƙatawa a kai shi ne hanyarsu ta yau da kullum. Motarka ba ta da gudu, don haka ka riƙa raɓewa gefe kana ba su hanya. Ka kula da tudun rage gudu da suka cika titunan, waɗanda wasunsu ba a ganin su sai an hau, ka kuma kula da titunan cikin gari masu hannu ɗaya. Daga la’asar zuwa yamma ka ƙara nesanta kanka da sauran motocin haya, domin a lokacin ne baƙin da suka yini suna shan giya a bakin ruwa suke rige-rigen mayar da nasu kafin a rufe shago.

Tambaya ta uku daga wani Alhaji da zai tafi da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa: “An ba ni zaɓi tsakanin Isla Mujeres da tsibirin Holbox, kuma an ce duka biyun da motar golf ake yawo. Wanne ya fi dacewa da tsohuwa?”

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan hidima, ya kuma ƙara wa Hajiya lafiya. Ka zaɓi Isla Mujeres. Zuwa Holbox sai kun yi tafiyar mota ta kusan awa 2 ko fiye daga Kankun zuwa garin Chiquilá da ke bakin teku kafin ku hau jirgin ruwa, kuma titunansa na yashi ne, masu ramuka, waɗanda ruwa ke kwanciya a kansu idan an yi sama. Girgizar da ’yar motar za ta yi a kansu ba za ta yi wa gwiwar dattijuwa daɗi ba. Titunan Isla Mujeres shimfiɗaɗɗu ne, kuma asibitocin Kankun suna tsallaken ruwa kaɗan idan buƙata ta taso. Ka zaunar da ita a kujerar gaba kusa da kai, ka hau tudun rage gudu a hankali, a Punta Sur kuma ta tsaya a sama wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa, kada ta bi matakalar da ta gangara gindin duwatsu. Idan kana da zaɓin lokaci, ka kauce wa watannin Satumba da Oktoba, waɗanda suke tsakiyar lokacin guguwar teku a yankin, domin a ranar da iska ta tsananta hukumar tashar ruwa takan dakatar da jirage, ku kwana a tsibirin ba da shiri ba, ga shi magungunanta suna otal a Kankun. Ko a wane wata kuka je, ka saka maganin kwana biyu a jakarta kafin ku hau jirgi.