Tsofaffin Na'urorin Wasa da Jika Talatin a Aljihu: Amsoshin Tambayoyinku

Wannan makon tambayoyin da na saba amsawa a wannan fili, irin na salula mai zafi da WhatsApp da aka sace, za su ɗan dakata. Tambayoyi sun taru a kan tsofaffin na'urorin wasan bidiyo, kuma na lura kusan duk masu tambayar sun haura shekara talatin.

Malam, barka da aiki. Ni mushe ne a wata lakwal a Tawa. Muna yara akwai wata baƙar na'ura a gidan kawuna, mai kaset rawaya da bindigar harbin agwagi. Ina so in fara tara irin waɗannan, amma abin da zan iya warewa bai wuce jika 30 ba. Da wace zan fara?

Mushe, barka kadai. Wannan ta gidan kawu, in zan yi rantsuwa, ba Nintendo ta gaske ba ce. Kwaikwayon Famicom ce, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Masana'antun Taiwan da na Sin suka yi ta buga irinta da sunaye kamar Terminator da Polystation, suna haɗawa da kaset ɗin da aka rubuta wa wasanni 9999999, alhali in ka ƙirga da kyau ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna. Ba abin kunya ba ne. Da su yawancinmu muka san Mario. Sai dai ka riƙe wannan: kaset ɗinsu ƙafa 60 gare shi, irin na Famicom, na NES kuwa 72. Ɗaya ba ya shiga bakin ɗaya sai da mahaɗi.

Da jika 30, ni PlayStation 2 zan ce ka fara da ita. Ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, don haka ta cika duniya, kuma abin da ya yi yawa ba ya tsada. Duk wani mai gyara da ya taɓa zama kusa da ɗakin wasan ƙwallo na yara ya san cikinta. Ga shi tana karanta fayafayan PlayStation ta farko, ka ga jifa ɗaya tsuntsu biyu. In kuwa kaset ne ranka ke so, mai nauyi a hannu, to Mega Drive ta Sega: ba ta da idon karanta faifai balle ya mutu, ba ta da fanka balle ta sha ƙura.

Kada ka zuba kuɗin duka a kan na'ura. Ka ɓoye kashi ɗaya cikin uku, domin maneti, igiyar tele da abin daidaita kuran za su ci shi, ko ka so ko ka ƙi. Kafin kuma ka taka kasuwa, ka fara da dangi. Ƙarƙashin gadaje da cikin tsofaffin akwatunan ƙarfe akwai kayan da masu su za su ba ka kyauta don su huta da tarkace. In hutu ya kawo ka Yamai, ka zagaya Katako da wajen masu sauke kayan gwanjon Turai, amma da sharaɗi guda: ba ka biya sai an kunna a gabanka. Ka bar ta ta yi minti goma tana aiki, ka danna kowane maɓalli na maneti. "Tana aiki, igiya ce kawai babu" magana ce da na ji ta fi sau ɗari. Wanda ya faɗa maka haka, ka taya da farashin matacciya.

Malam, yayana ya aiko mini da PlayStation ta farko daga Amurka. Ina jona ta sai na ji tas, wari ya tashi, shi ke nan. Ta mutu ke nan? Daga Bukoki, Yamai.

Ƙanena, sannu. In na yi maka dariya na yi wa kaina, don ni ma na taɓa yi. Tawa Super Famicom ce da na daɗe ina nema. Na kawo ta gida da la'asar, zumuɗi ya hana ni juya abin jona ta in karanta, na cusa a bango. Daƙiƙa biyu ba ta cika ba na ji ƙauri kamar an ƙona takalmin roba. Sai bayan nan na duba, ga 100V rubuce ƙuru-ƙuru.

Kuran ɗinmu volt 220 ne. Na Amurka 120, na Japan 100. Cajar salula ta saba mana da cewa komai yana shiga ko'ina, saboda ita an yi ta ta karɓi daga 100 zuwa 240. Kayan shekarun 1980 da 1990 ba haka suke ba, abin da aka rubuta musu shi kaɗai suke ɗauka. A PlayStation akwai hanya mai sauƙi ta gane asalinta: juya ta, ka dubi lambar da ta fara da SCPH. In ta ƙare da 0 ta Japan ce, in da 1 ta Amurka, in da 2, 3 ko 4 tana cikin masu cin 220 zuwa 240 irin namu. Taka da 1 za ta ƙare.

Labari mai daɗi shi ne da wuya ta mutu gaba ɗaya. A wannan na'ura sashen wuta allo ne daban, kuma galibi shi ke ɗaukar dukan, fiyus ya tsinke, babban kondansata ya fashe. Ka kai wa mai gyaran tele, ba mai gyaran salula ba. In ya samu matacciyar PlayStation ta Turai, zai iya cire allon wutarta ya sa a taka, muddin ƙafafun mahaɗin sun zo daidai, domin na farko-farko bakwai ne, na baya biyar. Da haka ka rabu da matsalar 120 har abada. In gyara tsohon allon ya yi, to dole ka sayi taransufo mai sauke 220 zuwa 110. Mai watt 100 ya ishe ka. Ka ɗaure igiyar na'urar a jikinsa da salatif, don ranar da ba ka gida wani yaro zai jona ta kai tsaye. Kuma ka sani, gyaran wuta ba ya sauya mata ƙasa: fayafayan Amurka za ta ci gaba da nema.

Tunda muna kan wuta, bari in ƙara wani tarko da ya fi wannan ɓuya. Bakin adafta ya shiga rami ba ya nufin nata ne. Mega Drive ta farko tana son tsakiyar bakin ya zama nagatif, ta biyu kuma fozitif. Akwai ɗan zane a jikin adafta, da'ira da alamar ƙari da ta ragi, shi ke faɗa maka. Mafi muni, adaftar NES wutar AC take fitarwa, kuma bakinta yana shiga Famicom da Mega Drive ta farko lafiya lau, su kuwa DC suke ci. Mai gwanjo ba ruwansa, duk a kwali ɗaya yake zuba su. Sannan a watannin zafi, lokacin da kuran ke tafiya yana dawowa, ka zare na'urar daga bango da zarar ya ɗauke. Dawowarsa ce ke kisa.

Na samu Mega Drive da NES cikin kayan da aka kawo daga Faransa. Fitila na kamawa amma babu hoto a sabuwar tele ta, igiyar kuma wani faffaɗan baki gare ta da ban taɓa gani ba. Abokina shi kuma tasa ta Amurka hoto baƙi da fari take ba shi.

Wannan faffaɗan baki sunansa Péritel, ƙafa 21, kuma a 1980 doka ta sa kowace tele da za a sayar a Faransa a wancan zamani ta zo da shi. Faransa tsarin launi na SECAM take amfani da shi a lokacin, irin wanda muka gada a nan, sauran yawancin Turai kuma PAL. Maimakon su sha wahalar SECAM, sai masu ƙera na'urorin suka fitar da hoton ta RGB, wato ja, kore da shuɗi kowanne a wayarsa, ta wannan baki. Shi ya sa NES ɗin Faransa ba ta da ramukan nan ja da rawaya da aka saba gani.

Kada ka ɗauka ka yi asara. Hoton RGB ya fi na igiyar rawaya kyau nesa ba kusa ba. Abin da kake bukata tsohuwar tele ce mai tozo, mai ramin Péritel a baya, irin waɗanda mutane ke neman wanda zai raba su da su. In ka nace sai sabuwar tele, akwai akwatin da ke juya Péritel zuwa HDMI, amma ka tabbata an rubuta yana karɓar RGB. Masu arha da yawa ba sa karantawa, baƙin allo za ka ci gaba da kallo. Ni dai mai tozon nake so, domin bindigar agwagin nan da Mushe ya ambata ba ta aiki sai da ita. Bindigar tana neman wani farin murabba'i ne da ke walƙawa na ƙiftawar ido, sabuwar tele kuwa tana jinkirta hoto, sai harbin ya wuce a banza. Gargaɗi ɗaya: kada ka buɗe bayan tele mai tozo da kanka, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta.

Abokinka kuma tele ɗinsa ce ba ta jin NTSC, tsarin Amurka da Japan. Ya duba cikin saitin launi ko akwai zaɓin, in babu ya gwada wata tele. In kun jera su za ka ga wasan Sonic ɗin Amurka ya fi naka gudu da kusan kashi 20 cikin 100, har kiɗan. Ba lalacewa ba ce, bambancin 60 da 50 ne na sau nawa hoto ke sabuntawa a daƙiƙa.

Ina da Game Boy Color ta yayana da kaset ɗin Pokémon. Sai na hura kaset da baki kafin ya tashi, kuma duk inda na kai a wasan, in na kashe sai ya ɓace. Daga wata ɗaliba a Yantala.

Ƴar'uwa, daina hurawa. Cirewa da mayarwa ne ke sa ya tashi, hucin bakinki kuwa laima yake bari a kan tagulla, ta yi tsatsa. Ki sayi alkol 90 a famasi, ki jiƙa audugar goge kunne kaɗan, ki goge ƙafafun kaset ɗin har audugar ta daina fitowa baƙa, ki bari ya bushe. Bayan hunturu za ki sha mamakin abin da zai fito.

Mantuwar kuma batir ce. A cikin kaset akwai ɗan batir kamar kwabo, shi ke riƙe ajiyar wasa. Pokémon Gold da Silver sun fi saurin cinye nasu saboda akwai agogo a ciki da ba ya tsayawa, ga shi sun haura shekara 20. A buɗe kaset a karanta lambar tsohon, CR2025 ne ko CR1616. Nan mai gyaran salula zai yi miki amfani, aikin minti biyar ne da dalma. A nemi batir mai kunnuwan ƙarfe, kada ya ɗora wuta kai tsaye a jikin batir, yana iya fashewa. Sukurun kaset ɗin wani iri ne mai kamar tauraro, milimita 3.8, ki gaya masa tun kafin ya cinye kansa da filaya. Ita kuma na'urar, in za ki ajiye ta fiye da mako biyu, ki cire batiranta biyu. In sun riga sun yi farin gari, ɗigon ruwan lemun tsami a auduga yana cinye shi.

Na ji an sayar da kaset ɗin Mario dala miliyan biyu. Ina da guda, yaya zan san na gaske ne?

Gaskiya ne, a watan Agustan 2021 aka yi wannan ciniki na kaset ɗin Super Mario Bros., kuma wata guda kafin nan an sayar da Super Mario 64 dalar Amurka miliyan 1.56. Amma duka biyun suna cikin kwalinsu da ledar masana'anta, ba a taɓa buɗe su ba. Super Mario Bros. an buga shi sama da miliyan 40, don haka wanda aka yi wasa da shi kuɗin cefane ne kawai. In kana son sanin asalinsa, buɗe shi. Na gaske za ka ga sunan Nintendo a jikin allon, galibi da ƙwayoyi masu ƙafafu a jere. Na jabu sau da yawa wani baƙin ɗigo ne kamar an ɗiga kwalta. Na jabu ma ana wasa da shi, kawai kada ka biya kuɗin na gaske.

Me ya sa mutum zai wahala, tunda duk wasannin nan suna shiga salula?

Suna shiga, har salular da ba ta da ƙarfi tana ɗaukar NES da Mega Drive ba tare da ta yi gumi ba. Wanda wasa kawai yake so, ya haɗa maneti mai Bluetooth ya huta. Ni ma kafin in sayi kaset nakan gwada wasan a haka, in ga ko har yanzu yana da daɗin da nake tunawa, don wasu ƙuruciya ce kawai ta yi musu gishiri. Wanda ya ci jarrabawa shi nake nema a kasuwa. In na samo, sai ya shiga robar abinci mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a kan kanta, nesa da kwanon rufi da kuma bango. Kwalin Sonic 2 ɗina na roba ne, ya tsira. Na Street Fighter II na takarda ne, na bar shi jingine da bango damina guda, gara ta bar mini rabin fuskar Ryu, jarumin wasan.