Dukushi yana zawo, ƙasan cikinsa ya kumbura

Ɗan'uwa daga Daura, ka ce dukushinka ɗan wata 6 da aka yaye kwanan nan yana zawo, ya rame, ƙasan cikinsa da ƙafafunsa sun kumbura, kuma maganin tsutsa bai yi masa komai ba. Allah ya ba shi lafiya.

Wannan kumburin ne ya fi tayar mini da hankali. Akwai ƙwayar bakteriya da ake kira Lawsonia, wadda aka fi sani a jikin aladu, amma tana kama 'ya'yan dawaki a daidai lokacin yaye. Tana sa bangon hanji ya yi kauri, abinci ya daina shiga jiki, furotin na jini ya ragu, sai ruwa ya taru a ƙarƙashin fata. Wata ƙwayar bakteriya mai suna Salmonela ma tana kawo zawo da zazzaɓi, ita kuwa har mutum tana kamawa, don haka a hana yara wasa a bargar, a riƙa wanke hannu da sabulu.

Ka ware shi tun yau, da bokitinsa daban, a kwashe kashin kullum, domin ta nan cutar ke yaɗuwa. Ka tsunkuli fatar wuyansa: in ba ta koma da sauri ba, ko dasashinsa ya bushe, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, yana bukatar ƙarin ruwa.

Don Allah kada ka sayi allura a kasuwa ka yi masa da ka. Wasu magungunan kashe bakteriya su kansu suna haddasa wa doki mummunan zawo. Kira likitan dabbobi ya ɗebi jini da kashi, shi zai zaɓi magani. Kanwa da jiƙo ba za su isa ba.