Tambaya da Amsa: Koyar da Waƙa da Motsin Jiki

Tambaya: Ina koyar da waƙa a aji uku na firamare, kuma na lura yara sun fi saurin riƙe ta idan na bar su suna tafi suna takawa, amma shugaban makarantarmu yana ganin wasa ne kawai da ɓata lokaci. Shin wannan hanya tana da amfani? Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Malama, abin da idonki ya gani gaskiya ne, kuma an daɗe da gina tsarin koyarwa a kansa. Emile Jaques-Dalcroze, wanda ya fara koyarwa a makarantar kiɗa ta birnin Geneva a Suwizalan a 1892, ya tarar ɗalibansa sun iya rubuta kiɗa a takarda amma kunnensu bai kama shi ba. Sai ya riƙa sa su zagaya aji yana kaɗa musu fiyano: in ya sassauta su sassauta, in ya gaggauta su gaggauta, in ya yi shiru su tsaya cak. Cibiyar da ya buɗe a Geneva a 1915 tana aiki har yau.

Babban amfanin, a ganina, shi ne kuskure yana fitowa fili. Yaro arba'in suna rerawa tare, wanda bai gane ba zai iya laɓewa cikin muryoyin 'yan uwansa yana motsa baki kawai, amma da zarar an ce a taka, ƙafarsa za ta tona shi, ke kuma ki san inda za ki gyara. Sannan dole ya kasa kunne, domin wanda hankalinsa ya tafi shi zai ƙara taku bayan kowa ya tsaya.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yarinyar da ke faɗawa hannun ƙawayenta a wasan gaɗa, su cafe ta daidai kan gaɓar waƙa, ba a allo ta koya ba, haka ma matan da ke lugude, waɗanda kan cilla taɓarya sama su tafa su cafe ba tare da sun saɓa bugu ba.

Sai dai shugabanku yana da hujja idan motsin ba shi da tsari. Ki zaɓi abu ɗaya a kowane darasi, kamar bambanta dogon sauti da gajere, ki ware masa minti goma, sannan ki gayyace shi ya zauna ya ga yadda yaran ke tsayawa tare idan ganga ta yi shiru.