Yayyena na son kai Baba gidan kula da tsofaffi a Abuja

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Mahaifinmu shekararsa 79, wata bakwai ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ya iya tashi, magana ma sai an kasa kunne. Mahaifiyarmu ta rasu, ni ke jinyarsa, ga goyo ga aikin koyarwa. Yayyena biyu da ke Abuja sun ce sun samo wani gidan kula da tsofaffi na kuɗi, sun turo min hotunansa ta WhatsApp, wuri tsaf kamar otal. Baffanmu ya ce in aka kai shi, ba shi ba mu. Ni wallahi na gaji, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Ta yaya zan gane ko wurin na kirki ne?
Mai neman shawara, Ƙofar Sauri, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki. Gajiyar da kika faɗa ba rashin ladabi ba ce. Na yi shekara 33 ina aikin jinya a asibitocin jihar nan kafin na yi ritaya, na san yadda ɗaga babban mutum ke karya bayan mace.

Hotunan nan ki ajiye su gefe. Falo da fulawa da talabijin don masu biyan kuɗi ake yin su. In kina son sanin gaskiyar gidan jinya, jikin waɗanda ke kwance a ciki za ki duba.

Wasu shekaru da suka wuce, wata ƙawata ta roƙe ni in raka ta duba gwaggonta a irin wannan gida, ba zan faɗi garin ba. Muka tarar da tsohuwa an sa mata sabuwar atamfa, an shafa mata turare, ɗaki na ƙamshi. Na ce da yarinyar da ke aiki ta taya ni mu juya ta. Sai ta fara kame-kame, wai yanzu aka gyara ta. Da na ɗaga zanin, a ƙasan bayanta daidai ƙashin zama, gyambo ne faɗin tafin hannuna, har ya fara wari. Dunduniyarta ta hagu ta yi baƙi ƙirin. Ƙawata ta yi wata huɗu tana zuwa duk Juma'a da kwanon abinci, ba ta taɓa ɗaga zanin ba, don kunya irin tamu.

Wannan shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Ba ya buƙatar makonni, 'yan awanni na iya fara shi. Shi ya sa aka koya mana juya marar lafiya kamar duk awa biyu, dare da rana, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗaga dunduniya daga katifa. Littattafan Turawa suna cewa a nemi jan tabo. A fatarmu ba ja yake fitowa ba. Wurin zai fi sauran jiki duhu, ya yi ɗumi ko tauri in kin taɓa. Saboda haka ki tambayi masu gidan na Abuja: ina takardar da kuke rubuta lokacin juyi? Wa ya sa hannu da ƙarfe biyun dare? Gidan da ke yin aikin zai ciro miki ita nan take. Wanda ba ya yi, sai a ce miki manaja ya fita da makulli.

Maganar dare kuwa, nan ne ake yin ta. Da rana ma'aikata cike da wuri. Ki tambayi mutum nawa ke kwana da tsofaffi nawa, kuma a cikinsu akwai nas mai lasisin hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, ko duk 'yan aike ne aka ɗinka wa farin kaya? Ki nemi ganin lasisin da idonki, da takardar rajistar gidan daga hukumomin lafiya na Abuja. In jikinsa ya rikice da tsakar dare, wane asibiti za a kai shi, da wace mota, wa zai kira ku?

Kada ku je ranar da suka sa muku. Ki sa yayanki ɗaya ya faɗa musu kwatsam lokacin abincin rana, ya tsaya ya kalli yadda ake ciyarwa. Mai shanyewar jiki sau da yawa haɗiya na ba shi wuya. In aka ɗura masa kunu yana kwance, ko ana gaggawa, abincin kan bi hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu, kuma wannan na kashe tsofaffi da yawa. A zaunar da shi sosai, cokali kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Ya duba kuma ko akwai ruwan sha kusa da hannun da ke aiki. Tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, yana iya bushewa bai ce uffan ba. In ya ga tsofaffi duk suna gyangyaɗi da hantsi, babu mai ɗaga kai, ya tambayi wane magani ake ba su, don akwai inda ake kwantar da su da maganin barci ma'aikata su huta. In ya ga an ɗaure wani da gado ko kujera, magana ta ƙare, ya juyo. Sauran, su santsin banɗaki, ƙarfen riƙewa, wuta in an ɗauke, ƙofar gudu in gobara ta tashi, ido zai nuna masa.

'Yar wata maƙwabciyata tana aiki a irin waɗannan gidaje a Ingila. Can akwai CQC, hukumar da ke sa ido kan asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, da aka kafa a 2009, tana shiga ta bincika, ta ba kowane gida matsayi ɗaya daga cikin huɗu, ta saka rahoton a intanet kowa ya karanta. Duk da haka, a 2020 korona ta yi wa tsofaffi mummunar ɓarna a gidajen. Mu nan, marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a farkon 2018, aka amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Abu ne mai kyau, amma kada ki zauna jiran wani jami'i ya ɗaga miki zanin Baba. Dangi ne masu binciken.

To a nan ne nake da ja da shawarar yayyenki. Katsina zuwa Abuja tafiyar yini ce. Mutumin da maganarsa sai an kasa kunne, wa zai fahimce shi a can in ma'aikatan ba sa jin Hausa? Wa zai yi masa alwala ko taimama, ya juya shi gabas? Namiji ne zai yi masa wanka da tsarki? Su yayyen za su leƙa kullum, ko sai ƙarshen wata? Baffanku ya yi zafi, amma ba a banza ya yi ba. Sai dai shi ma a tambaye shi dare nawa ya kwana a ɗakin ɗan'uwansa, tunda baki ba ya juya marar lafiya.

Da ni ce, kuɗin da za a biya can sai a kawo shi Ƙofar Sauri. A ɗauki maza masu jinya biyu, ɗaya rana ɗaya dare, a sayi katifar iska da keken guragu, a sa sola ko ta fanka ce saboda zafin Afrilu, a nemi likitan gashin ƙashi daga Asibitin Koyarwa na Tarayya ya tsara masa motsa jiki, nas ta riƙa zuwa duba hawan jini da fatarsa. In an lissafa aka ga ba zai yiwu ba, kuma gidan can ya tsallake tambayoyin nan, a fara da wata ɗaya na gwaji, bayan an tambayi Baba da kansa. Harshensa ne ya yi nauyi, hankalinsa na nan.

Yau da dare in kin zo canja masa kaya, ki haska tocila a ƙasan bayansa da kwatangwalo da dunduniya biyu. In kin ga wuri ya yi duhu ko ɗumi, kada ki murza shi, kada ki shafa man zafi. Ki kawar da nauyinsa daga wajen, gobe da safe ki nemi nas ta gani.