Amsa: Me ya haɗa giwa da lafiyar ɗan Adam?

Ɗan'uwa, ka tambayi amfanin kwatanta ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa da na mutum, tunda ba jikinmu ɗaya ba. Amfanin yana da yawa.

DNA ɗin mutum, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin jiki, na da haruffa kusan biliyan 3, kuma har yau masana ba su gama sanin aikin yawancinsu ba. To daga ina za a fara nema? A 2023 wani aikin bincike na masana mai suna Zoonomia ya fitar da sakamakon kwatanta DNA ɗin nau'o'in dabbobi masu shayarwa 240, har da mutum, jemage da kifin whale. An ga kusan kashi 10 cikin 100 na DNA ɗinmu bai cika canzawa ba a tsawon shekaru miliyan 100. Wurin da ya daɗe haka bai canza ba, alama ce cewa taɓa shi na jawo illa, shi ya sa ake fara dubawa can idan ana neman tushen wata cuta ta gado.

Batun giwa ne ya fi burge ni. Da girman jikinta da tsawon ranta, ya kamata ciwon daji ya addabe ta, amma ba kasafai take kamuwa ba. Ashe ƙwayar halitta mai suna TP53, mai sa tantanin da ya lalace ya mutu kafin ya zama ƙari, giwa na da ita kusan kwafi 20, mu kuwa ɗaya tak.

Sai dai kada ka ɗauka magani ya fito. Wannan bincike yana nuna inda za a tona ne, gwajin magani a jikin mutum kuwa yana ɗaukar shekaru.