Tambaya da Amsa: Kwanan wata ya ƙi jin magana cikin XML

Tambaya: Slm Malam, ni ɗalibi ne nan Damagaram, ina taya kawuna aiki a kantin maganinsa da ke Zango. Jerin magungunan duka yana cikin fayil na XML (tsarin ajiye bayanai a rubuce cikin kwamfuta), kowane da ranar ƙarewar wa'adinsa kamar haka 2025-03-09. Na rubuta XPath (hanyar tambayar fayil na XML) da lxml, wani kayan aiki na harshen Python, in fiddo waɗanda wa'adinsu ya wuce, na ce @rana < '2025-06-01' amma ko guda bai ba ni ba, alhali ga su nan ina gani da idona. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Toh fayil ɗinka lafiya lau yake, shi lxml ɗin ne yake aiki da XPath 1.0, wanda ya fito tun 1999, kuma iri huɗu kawai ya sani: lamba, rubutu, e ko a'a, sai tarin rassan fayil. Kwanan wata sam babu shi a ciki. Duk sanda ka sa alamar < ko > sai ya nemi mai da ɓangarorin biyu lamba, ita kuwa 2025-03-09 da ƴan layukan nan na tsakiya ba ta zama lamba, sai ta koma abin da ake kira NaN, wato "ba lamba ba", kuma ko da me ka gwada girman NaN amsar a'a ce, shi ya sa ya yi maka shiru ko ƙorafi bai yi ba. Wlh wannan shirun shi ya fi ba ni haushi, a kantin magani kuwa ai haɗari ne, mutum sai ya ɗauka komi na da sauran wa'adi.

Maganin da sauƙi, cire layukan: translate(@rana,'-','') < 20250601. Yanzu 20250309 lamba ce sak, kuma da yake shekara ce a gaba sai wata sai rana, ƙaramar lamba ita ce ranar da ta riga zuwa. Amma ka bi ka duba sifili, in wani ya rubuta 2025-12-5 zai koma 2025125, lamba ƙarama, a ce maganin Disamba ya lalace tun yanzu.

In kuma akwai waɗanda aka rubuta irin namu na Faransanci, rana a gaba, 09/03/2025, sai ka yanka da substring ka jera shekara, wata, rana da concat tukuna.

XPath 2.0 na 2007 shi ya zo da xs:date, nau'in kwanan wata, manhajoji irin su Saxon ke aiki da shi. Can tambayarka ta farko za ta yi aiki amma a matsayin rubutu, harafi bayan harafi, sa'a ce kawai don tsarin ISO 8601 ne, shekara-wata-rana. Ba shi 09/03/2025 da 20/12/2024 ka ga, zai ce ta Maris 2025 ce ta riga don 0 yana gaban 2. Gara ka rubuta xs:date(@rana) < current-date(), in rana ta zo a karkace zai tsaya ya faɗa maka.

Saura guda, kwalin magani da yawa wata da shekara kawai ake bugawa, 03/2025. Irinsa a XML shi ne xs:gYearMonth, kuma XPath 2.0 bai yarda a gwada shi da < ba sai dai a ce daidai ne ko ba daidai ba, don haka tun wurin shigarwa ka sa masa ranar ƙarshen watan, 2025-03-31. A gaida kawu.