Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Bakteriya Ke Ɗaga Garkuwarta Idan Wuya Ta Yi Wuya

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai nazarin ƙananan halittu. An koya mana cewa bakteriya tana da enzayim masu kare ta daga yunwa da zafi da guba, amma ba kullum take yin su ba. Tunda suna da amfani haka, me ya hana ta ajiye su a shirye? Kuma ta yaya take gane lokaci ya yi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya hana ta shi ne tsada. E. coli, wata bakteriya da ke zaune a cikin hanji, in tana cikin abinci mai kyau, a zafin digiri 37, tana rabuwa gida biyu duk bayan minti 20 ko kusa da haka. Ƙwayar da ta karkatar da ƙarfinta wajen ƙera kayan kariya alhali babu haɗari, 'yan uwanta za su riga ta yaɗuwa su cinye abincin. Shi ya sa take riƙe da makunni ɗaya babba, wani furotin da ake kira RpoS, wanda Regine Hengge-Aronis da abokin aikinta suka nuna muhimmancinsa a 1991. Idan ya maƙale wa injin da ke karanta DNA, sai ya juya shi zuwa ga kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin gadon E. coli, wato masu aikin kariya. Cikinsu akwai na KatE, wani katalas (enzayim mai farfasa ruwan haidirojin, wato hydrogen peroxide, ya mayar da shi ruwa da iskar oksijin mai tashi kumfa), da na Dps mai lulluɓe DNA.

Wurin da ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa sai wahala ta zo ake fara ƙera RpoS. Ko ana cikin wadata ƙwayar tana ƙera shi kaɗan-kaɗan, tana kuma lalata shi nan take. Wani furotin, RssB, shi ke kama shi ya miƙa wa ClpXP, enzayim mai daddatsa furotin. A wannan hali, cikin minti ɗaya zuwa biyu rabin RpoS ya tafi. Kamar mai zuba ruwa ne a tulu mai huji: ba ya taruwa, amma da an toshe hujin sai ka ga ya cika. Masu toshewar su ne wasu ƙananan furotin da ɗakin binciken Susan Gottesman a Amurka ya gano a 2006 da 2008. IraP yana fitowa idan fosfet ya yi ƙaranci, IraM idan maganiziyam ne ya yanke, IraD kuma idan DNA ta samu rauni. Kowannensu RssB yake riƙewa, sai RpoS ya rasa mai kai shi mayanka, ya taru cikin 'yan mintoci. A ganinmu wannan ne zuciyar darasin: ƙofofi daban-daban na wahala, duk suna shiga ɗaki ɗaya, kuma saurin martanin daga dakatar da lalatawa yake fitowa.

Yunwar sinadaran gina furotin kuwa tana da ƙararrawarta. Idan tRNA, mai ɗauko waɗannan sinadaran, ta iso ribosom, wato injin ƙera furotin, hannu rabbana, enzayim RelA yana gani, sai ya shiga ƙera ppGpp, sinadarin da Cashel da Gallant suka fara gani a 1969. Shi ke rage ƙera sababbin ribosom, ya kuma taimaki RpoS. Mai share shi idan wadata ta dawo shi ne SpoT. Ki cire SpoT ki bar RelA, ƙwayar ba za ta rayu ba, don ƙararrawar ba za ta yi shiru ba har abada.

*

Ina aiki a lab na wani ƙaramin asibiti. Ina ɗiga ruwan haidirojin a kan E. coli iri biyu, ɗaya ta yi kumfa nan take, ɗayar sai a hankali. Wani lokaci kuma gwajin katalas ya ba ni sakamakon da bai dace da abin da na gani a madubin ƙara girma (maikiroskof) ba. Ina matsalar take?
Daga wani ma'aikacin lab, Maraɗi

Malam, E. coli katalas biyu gare ta, kuma kowanne da mai ba shi umarni. KatG yana ƙarƙashin OxyR, furotin da ke jin haidirojin kai tsaye: sinadarin yana sa sistin (ɗaya daga cikin sinadaran gina furotin) guda biyu na jikinsa, na 199 da na 208, su haɗu, sai siffarsa ta sauya ya kunna KatG da wani enzayim na kariya, AhpCF. Cikin abin da yake kunnawa har da gulutaredoksin, wanda shi ne zai dawo ya kwance wannan haɗin ya kashe shi. KatE kuwa, kamar yadda muka faɗa wa 'yar uwarmu ta Zariya, na RpoS ne, kuma yana yawaita idan abincin farantin ya fara ƙarewa. Kumfar da ke tashi farat ɗaya a kan ƙwayoyin kwana ɗaya, galibi aikin KatE ce. Saboda haka mai jinkirin nan taka, da alama RpoS ɗinta ya lalace ko ya yi rauni. Wannan sananne ne ga ƙwayoyin da aka daɗe ana ajiye su a cikin agar, wato daskararren abincin da ake shuka su a kai, a zafin ɗaki, ko ana ta sake shuka su daga faranti zuwa faranti, domin a doguwar yunwa masu raunin RpoS sukan fi iya kalen abinci, su rinjayi sauran. Irin da kake gwada ingancin aikinka da shi, ka ajiye shi daskare a cikin gilisarol.

Game da sakamakon da ke yaudara, bi waɗannan a hankali. Haidirojin mai ƙarfin kashi 3 ake so, a kwalba mai duhu, a wuri mai sanyi, don haske da zafin garuruwanmu suna saurin kashe shi. Kafin ka taɓa samfurin majinyaci, gwada ruwan da bakteriyar Staphylococcus, dole ta yi kumfa, da ta Streptococcus, dole ta yi shiru. Ƙwayoyin su kasance 'yan awa 18 zuwa 24, don waɗanda suka tsufa da yawa katalas ɗinsu na iya raguwa. Ka ɗebo da tsinken katako ko na roba, ka sa a kan gilashi, sannan ka ɗiga ruwan. Wayar ƙarfe tana iya tayar da kumfa da kanta. Idan daga farantin jini ne, ɗauki saman tulin ƙwayoyin kawai, kada ka kankaro agar, domin jajayen ƙwayoyin jini cike suke da katalas nasu. Wannan kuskure na ƙarshe shi ya fi mayar da Streptococcus ta zama Staphylococcus a kan takarda.

*

Ƙanena yana shan maganin tarin fuka. Bai cika wata biyu ba tarin ya tsaya, har ya yi ƙiba. Me ya sa likita ya ce sai ya cika wata shida? Ƙwayar ba ta mutu ba ne?
Daga wata baiwar Allah, Gusau

Hajiya, Allah Ya ƙara masa lafiya. Waɗanda suka mutu su ne masu kazar-kazar, masu rabuwa. Akwai sauran da suka lafe a cikin huhu, inda iska ta yi ƙaranci kuma abinci ya yanke. A can ƙwayar tarin fuka tana kunna tsarin da ake kira DosR, mai iko da ƙwayoyin gado kusan 50, tana kuma amfani da irin ƙararrawar ppGpp da muka ambata, sai ta rage numfashi da girma ta yi likimo. Isoniazid, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana hana gina bangon ƙwaya ne, to wadda ta daina gini ba ta cika jin sa ba. Tun 1944 likita Joseph Bigger ya ga irin wannan da fenisilin: a zuba shi ya kashe kusan duka, amma 'yan kaɗan su tsira, su farfaɗo bayan an janye maganin, kuma 'ya'yansu maganin yana kashe su kamar da. Ba su bijire wa magani ba, laɓewa suka yi.

Rifampicin da pyrazinamide sun fi iya cim ma masu laɓewar, kuma shigowarsu ce ta rage jinyar daga kusan wata 18 zuwa 6. Tsarin shi ne magani huɗu a wata biyu na farko, sannan isoniazid da rifampicin a wata huɗu da suka rage. Ƙaninki yana bakin mashigar kashi na biyun ne, kuma shi ne na share ragowar.

Haɗarin tsayawa ko shan magani jefi-jefi ya wuce dawowar tari. Isoniazid ba ya cizo sai katalas ɗin ƙwayar da kansa, wato KatG, ya sarrafa shi ya zama guba. Idan aka samu ƙwayar da KatG ɗinta ya ɗan sauya, musamman a gurbi na 315 na jerin sinadaran da suka gina shi, zai ci gaba da kare ta amma ya kusan daina tayar da maganin. Shan magani a karkace shi ke bai wa irin wannan filin yaɗuwa, kuma jinyarta ta fi wuya da yawan magani. Ku tsaya masa ya sha kullum a kan lokaci, ya je gwajin majina na ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida. Jan fitsari daga rifampicin ne, ba abin tsoro ba ne. Amma idan idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dusashewa, a mayar da shi asibiti a ranar, kada a jira ranar karɓar magani.